Wuƙaƙen injin yankan falle suna ɓantarewa: in sayi D2 ko akwai abin da ya fi ta?

Malam, na karanta bayaninka. Injinka na haidirolik ne mai tsawon mita 3, an rubuta a jikinsa cewa yana yanka har kaurin milimita 6. Kuna yankan siririn falle mai rufin tutiya, da baƙin ƙarfe daga milimita 2 zuwa 6, jefi-jefi kuma da sitenles, ƙarfen nan mara tsatsa. Wuƙaƙen da ka ɗaura bara sun ɓantare a wurare da dama, bakin yanka yana fitowa da ƙaya, mai sayarwa kuma ya ce ka ɗauki wuƙar da aka yi da nau'in ƙarfen da ake kira D2 tunda ita ce ta fi tauri. Kana son sanin ko ka saya, da yadda za a yi sababbin su daɗe.

Kada ka fitar da kuɗin tukuna. A shekarun da na yi ina ɗaura wuƙaƙen nan ina kwance su, mafi yawan waɗanda aka kawo mini ana cewa ƙarfen banza ne, da na duba sai in tarar ƙarfensu lafiyarsa lau. An bar jaki ne ana dukan taiki. Abin da ya kashe su yana jikin injin, ko yana hannun mai aiki da shi, kuma in ba a gano shi ba, sababbin ma haka za su bi sahu, D2 ɗin ma ta fi saurin bi.

Sunan wuƙa da muke kiranta da shi yana ruɗar mutane. Ba ta da siririn baki mai ratsa abu. Bakinta kusurwa ce ta digiri 90 ko ƙasa da haka kaɗan. Ta sama tana dannawa, ta ƙasa tana tokarewa, kowacce ta ɗan nutse cikin fallen, sai tsaga ta taso daga bakin ta sama, wata ta taso daga bakin ta ƙasa. Idan tsagogin nan biyu suka yi kiciɓis a tsakiya, fallen ya rabu tsaf da ƙaramin ƙarfi. A baƙin ƙarfe, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin ne kawai wuƙa take shiga, ragowar karyewa yake yi. Abin da ke sa tsagogin su haɗu ko su saɓa kuwa shi ne ratar da ke tsakanin wuƙaƙen biyu.

Ɗauki guntun da kuka yanka mai kaurin milimita 5 ko 6, ka fita da shi wajen haske ka dubi bakinsa. Za ka ga ɗan lanƙwasa a gefe guda inda ƙarfen ya fara lotsawa, sai layi mai sheƙi kamar an goge shi, sai wani faffaɗan sashe mai kaushi, ruwan toka, wanda shi ne wurin da ya karye, daga ƙarshe kuma ƙayar. Idan layin mai sheƙi guda ɗaya ne, faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ya tafi daidai daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ratarka ta yi. Idan layukan masu sheƙi biyu ne da kaushi a tsakaninsu, ratar ta yi ƙanƙanta: tsagogin sun saɓa, sai da wuƙar ta sake yanka ƙarfen karo na biyu. Inji yana nishi a irin wannan yanka, kuma bakin wuƙa ne ke shan wahalar. Idan kuwa lanƙwasan ya yi yawa, ƙayar ta yi tsawo tana kama yatsa, to ko dai ratar ta buɗe da yawa ko wuƙar ta dakushe. Ƙayar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na kaurin falle, a wurina, lokacin tsayar da inji ya yi.

Ga baƙin ƙarfe na yau da kullum, ratar tana kamawa ne daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kaurin abin da ake yankawa. Ni nakan fara daga kashi 7, in yanka gwaji, in karanta bakin, sannan in ƙara ko in rage. Yi lissafin da kayanka. Milimita 1 yana son rata kusan milimita 0.07. Milimita 3 yana son 0.21. Milimita 6 yana son 0.42. Tsakanin na farko da na ƙarshe ninki shida ne, kuma duk a inji ɗaya kuke yanka su, wataƙila a yini ɗaya. Ina kyautata zaton nan matsalarka take. Yaro ya gama yankan siririn falle da safe a kan 0.07, da rana aka kawo faranti mai milimita 6, bai taɓa hannun gyaran rata ba ya taka feda. Injin zai yanka, don haidirolik ba ya gardama, amma a kowace saukowa bakin wuƙar yana karɓar matsin da ba a yi shi dominsa ba. Akasin haka ma ɓarna ce: a bar rata a 0.42 a tura falle mai 0.8, sai fallen ya ƙi yankuwa ya naɗe ya cusa kansa tsakanin wuƙaƙen, ya banƙara su gefe da gefe. Na ga wannan ya ɓalle kusurwar wuƙa a saukowa ɗaya.

Alminiyom da sauran masu taushi suna son rata matsattsiya fiye da baƙin ƙarfe. Ƙarafa masu ƙarfi sosai, irin waɗanda ake yin jikin tifa da bokitin katafila da su, suna son ta a buɗe. Sitenles siriri ba ya yafe dakusasshiyar wuƙa ko sakakkiyar rata, domin yana da danƙo, kuma da zarar an murza shi maimakon a yanka shi sai ya ƙara tauri a daidai wurin. Allon da kamfanin injin ya manna a jikinsa ya fi lissafina, in yana nan ka bi shi.

Sai dai lambar da ke kan hannun gyaran rata tana iya yin ƙarya, musamman bayan an juya wuƙa ko an wasa ta. Auna da kanka da fila-geji, siraran 'yan ƙarafan nan masu lamba da makanikai ke gwada ratar bawul da su. Ka sauko da wuƙar sama a hankali, ka tsayar, ka kashe inji, ka auna a daidai inda wuƙaƙen suka gitta juna, sannan ka ƙara saukowa ka auna gaba. Wuƙar sama a karkace take, don haka wurin gittawar yana tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ka auna duk bayan santimita 25 ko 30 har ka ƙure tsawon. Lambobin su zo ɗaya, in ban da tsakiya, inda ake barin ta ta ɗan fi matsewa da kamar 0.02 zuwa 0.05, saboda nan ne katangar injin take ja da baya idan yanka ya yi nauyi. Idan ka ga ratar tana canzawa daga saukowa zuwa saukowa ba tare da ka taɓa komai ba, to majinginan da dokin wuƙar sama, wato katon ƙarfen da ke ɗauke da ita, ke zamewa a kansu sun ci, kuma babu irin wuƙar da za ta yi maganin wannan. Haka madannan da ke riƙe falle. In matsinsu ya ragu, fallen zai ɗaga gindi lokacin yanka, ya zama kamar an sa gwafa tsakanin wuƙaƙen.

To yanzu batun ƙarfen da za ka saya. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce D2 tana da tauri, amma ya faɗa maka rabin zance ne. Abu biyu ake nema a wuƙa, kuma ba sa taruwa a cike a ƙarfe ɗaya: juriyar gogayya, wato ta daɗe ba ta dakushe ba, da juriyar duka, wato ta sha jijjiga ba ta ɓantare ba. D2 tana ɗauke da kabon kusan kashi 1.5 cikin 100 da kuromiyom kusan kashi 12. Waɗannan biyun suna haɗuwa su yi wasu ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen, su ne ke sa bakinta ya daɗe. Su ɗin ne kuma ke jawo mata gautsi, domin tsaga tana samun hanya ta bin su. Ana taurara ta zuwa 58 ko 60 a ma'aunin Rockwell C, wanda ake rubutawa HRC, ma'aunin da ke danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150 a ga zurfin da ya shiga. A siririn falle, da mai rufin tutiya, da sitenles mara kauri, ba ta da na biyu a cikin ƙarafan da aka saba samu. A faranti mai kauri da rata mara daidai, ita ce ta farkon ɓallewa.

A ɗaya ɓangaren akwai dangin masu jure duka, irin su S1 da S7. S7 kabon ɗinta kusan kashi 0.5 ne kawai, da kuromiyom kashi 3 da ɗoriya. S1 tana da tangistin, kuma 6CrW2Si da ake yawan gani a injinan ƙirar Sin 'yar gidansu ce. Waɗannan ana barin su tsakanin 54 da 58 HRC. Za su riga D2 dakushewa, amma dakushewa washi kaɗan take ci, ɓantarewa kuwa sai an cinye wuƙar har ƙasan giɓin a duk tsawon mita ukun. A tsakanin gidajen biyu akwai A2, mai kabon kashi 1 da kuromiyom kashi 5, wadda ba ta kai D2 daɗewar baki ba, ba ta kuma kai ta gautsi ba. 9CrSi ita ce mai araha, tana yi wa siririn baƙin ƙarfe aiki daidai gwargwado, amma sitenles yana cinye ta da wuri. H13 an yi ta ne don yankan ƙarfe mai zafi. Kabaid, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, na masu yankan fallen taransifoma ne dare da rana, ba ka da hulɗa da shi.

Wacce za ka ɗauka? Ka duba aikin wata guda da ya wuce, ba aikin da kake fatan samu ba. Idan yawancinsa milimita 4 ne zuwa ƙasa, 6 ɗin sai nan da can, ɗauki D2 a 58 zuwa 60, bisa sharaɗin za a riƙa gyara rata a duk canjin kauri. Idan kullum kuna kan 5 da 6, wato kuna aiki a ƙurewar ƙarfin injin, ko kuma hannaye da yawa ne ke taɓa shi ba ka da tabbacin kowa zai gyara ratar, ɗauki mai jure duka. Da yadda ka kwatanta ɓantarewar taka, ni can na fi karkata.

Sunayen suna canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kada a yi maka wasa da su. D2 sunan Amurka ne. Jamusawa suna kiranta 1.2379, Japanawa SKD11. Cr12MoV ta Sin makusanciyarta ce, ana yawan sayar da ita da sunan D2, amma molibdenom da banadiyom ɗinta sun gaza. Wadda ta yi daidai da D2 a tsarin Sin ita ce Cr12Mo1V1. Ba cewa nake Cr12MoV ba ta aiki ba, tana yi, sai dai ka san abin da ka biya wa kuɗi. Sannan suna shi kaɗai bai isa ba. D2 da aka taurara da ganganci ta fi 9CrSi da aka taurara da kyau lalacewa. Ka nemi a rubuta maka taurin da aka auna a wurare da dama a tsawon wuƙar, kuma kada bambancin ya wuce maki biyu. Goga magagari a jiki yana nuna maka ko wuƙa ta yi taushi sosai, amma ba zai bambance 56 da 60 ba. Wajen ba da awo kuma, ɗauko shi daga littafin injin. Tsohuwar wuƙar da aka taɓa wasawa ta riga ta rage kauri da tsayi, in ka kwafe ta ka sayi sabuwa da rabin ranta. Ramukan noti ne kawai za ka kwafa daga jikinta. Ka duba irin injinka ma: wanda wuƙarsa ke saukowa a miƙe yakan ba ka baki huɗu a sama huɗu a ƙasa, wanda dokinsa ke lilo a kan ƙusa kuwa yawanci baki biyu ne a ta sama.

Akwai wata magana game da lambar 6 ɗin da ke jikin injin. Da baƙin ƙarfe mai taushi aka auna ta. Sitenles irin 304 ya fi shi ƙarfi nesa, don haka a injinka kada ka wuce milimita 4 da shi, wasu kamfanonin ma rabi suke yarda da shi, wato 3. Kuma ƙarfin da yanka ke buƙata ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da kauri, ninkuwa yake yi da kansa. In ka ninka kauri sau biyu, ƙarfin da ake buƙata ya ninka sau huɗu. Wanda ya ce maka "milimita 8 ne kawai, ɗan guntu ne, zai wuce", yana neman injin ya yi aikin da ya kusa ninka iyakarsa sau biyu. Gajartar guntun ba ta cika rage nauyin ba, saboda wuƙar a karkace take sauka, ɗan wuri kaɗan take ci a kowane lokaci, ko faranti dogo ne ko gajere. Wannan karkatar, wadda kan kama daga rabin digiri zuwa digiri 3, ita ke rage wa inji nauyi, ita ce kuma ke murɗa siraran tsiri. In injinka yana ba da damar canza ta, rage ta ga siririn falle, ƙara ta ga mai kauri.

Abin da ya fi ɓantare wuƙa bayan rata shi ne abin da bai kamata ya shiga injin ba. Rodi, da waya, da sifirin, da duk wani mulmulallen ƙarfe suna tara nauyin yankan gaba ɗaya a tabo guda. Layin walda da gefen farantin da aka yanka da wuta sun fi jikin farantin tauri, don sun yi zafi sun huce da sauri. Falle biyu a haɗe don a yi sauri, shi ma haka. Farantin da ya kwanta a ƙasa ya kwashi yashi, a share shi kafin a ɗora. Na taɓa bin diddigin wani giɓi da ke dawowa wuri ɗaya a duk bayan washi, har na fara zargin ƙarfen, ashe mai gadi ne ke datse rodi a wurin da daddare. Wani ciwon kuma na ɗabi'a ne: kowa yana jingina ƙaramin aiki da sandar saiti da ke gefe ɗaya, sai rabin mitar farko ta mutu alhali ragowar mita biyu da rabin sabuwa ce fil. A riƙa raba ƙananan yanka a tsawon teburin.

Juya wuƙa ba ya jiran ta mutu. Da zarar kusurwar ta fara ɗaukar haske, wato ka haska ta ka ga siririn farin layi a inda ya kamata ya zama tsini, juya zuwa sabon baki, kuma ka juya ta sama da ta ƙasa tare. Ka yi wa kowane baki lamba a ƙarshen wuƙar, ka rubuta ranar da aka juya. Dakusasshiyar wuƙa tana ƙara wa injin nauyi, nauyin kuma shi ke kai ta ga ɓallewa, sai washin da zai ci 0.2 ko 0.3 ya koma cin milimita guda ko fiye.

Washi kuwa aikin babban injin guga ne mai dogon tebur, wanda zai ɗauki wuƙar a shimfiɗa ɗaya, ruwan sanyaya yana kwarara a kai, dutsen yana ɗaukar abin da bai wuce 0.01 zuwa 0.03 ba a kowace wucewa. Giranda ta hannu kada ta kusance ta, ko da don share ɗan giɓi ne. Garin neman gira za a rasa ido: wurin zai yi kwari, ratar ta lalace a nan, zafin kuma ya ƙona bakin. In wuƙa ta dawo daga washi da tabon ruwan ƙasa ko shuɗi, an ƙona ta. Ƙarƙashin tabon ƙarfen ya yi taushi, ko kuma ya yi wata ɓawon tauri mai cike da tsagogin da ido ba ya gani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. D2 ta fi kowacce saurin kamuwa da wannan. A wasa ta sama da ta ƙasa a tafi ɗaya, in kuma gunduwa-gunduwa ce a jere, a wasa su gaba ɗaya don su fito kauri ɗaya. Ka tambaya ko an cire mata maganaɗisu bayan an sauke ta daga teburin, in ba haka ba za ta riƙa janyo garin ƙarfe zuwa bakinta. Abin da za ka iya yi da hannunka shi ne goge tutiya ko alminiyom da ya liƙe a fuskar wuƙa da lallausan dutsen washi da ɗan mai, dutsen a kwance a kan fuskar, ba a kan kusurwa ba. Shafa siririn mai a wuƙaƙen kafin a fara aiki yana rage wannan liƙewar sosai.

Ranar ɗaurawa, a kashe wuta a kulle makunnin, a tokare dokin sama da katako mai ƙarfi don kada ya zamo. Wuƙa mai tsawon mita 3.2, faɗin milimita 80 da kaurin 20 tana kai kilo 40, ga baki huɗu, ba kayan mutum ɗaya ba ne. A wanke mazauninta tas da kananzir, domin ƙwayar garin ƙarfe guda a bayanta ta isa ta tanƙwara ta idan aka ɗaure. A fara ɗaure notuna daga tsakiya a yi waje, zagaye biyu ko uku, ana ƙara matsi a hankali. Wuƙar ƙasa da washi ya rage wa tsayi sai an sa mata siririn ciko a ƙarƙashi, mai tsawonta, har bakinta ya zo daidai da fuskar tebur. In ta yi ƙasa da tebur, falle zai lotsa a wurin yanka. Kafin saukowar farko a buɗe ratar har ƙarshe, a sauko a hankali, sannan a matso da ita ana aunawa. Bayan aikin yini ɗaya a sake bin notunan. Wuƙaƙen ajiya kuma a shafe su da mai, a kwantar da su a akwatin katako, kada bakin wata ya taɓa na wata.

Tsofaffin naka kada ka yar da su, don su ne za su gaya maka gaskiyar abin da ya faru. Giɓi babba guda ɗaya mai siffar rabin wata, wani abu ne mai tauri aka saka a wurin. Ƙananan ɓantarewa a jere kamar haƙoran zarto a doguwar hanya, rata ce ta matse, ko ƙarfen ya yi wa aikin tauri, ko an ƙona shi a washi. Gogaggen tabo mai sheƙi a fuskokin da ke kallon juna, wuƙaƙen sun taɓa juna, sai a duba majingina. Bakin da ya lotse ya kwanta maimakon ya ɓalle, wannan ne kaɗai zan yarda ƙarfen ya yi taushi. Ka auna zurfin giɓin da ya fi kowanne. In bai kai milimita guda ba, kuma hannun gyaran rata yana da sauran tafiya da zai cike abin da washi zai ci, kai su a wasa, ka gyara ratar, ka yi wata guda da su kana duba bakin yanka kafin ka koma wurin mai sayarwar.